Mai sayen riɗi a ƙasar waje ya riƙe mini ragowar kuɗi: ina zan kai ƙara?

Mai tambaya, daga Gombe:

Assalamu alaikum. Ina sana'ar tattara riɗi daga ƙauyukan Gombe da Bauchi, kuma bara na aika kaya zuwa wani kamfani a Turkiyya bayan ya biya kafin alƙalami. Da kayan suka isa, sai ya ce riɗin bai kai tsabtar da aka yi alkawari ba, ya ƙi biyan ragowar, alhali manoman da suka ba ni kaya bashi suna zuwa ƙofar gidana kullum. Shin zan iya shigar da ƙara a Babbar Kotun Jihar Gombe, ko kuwa dole sai na je can?

Amsa ta farko, daga wani lauya a Bauchi:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya fid da kai. Kafin komai, ka ɗauko takardar yarjejeniyarku ka duba sashen da ya yi maganar saɓani, domin shi ne zai faɗi dokar ƙasar da za a bi da kuma wurin da za a saurari rigimar. Ko da kotun gida ta karɓi ƙararka ta ba ka gaskiya, dukiyar mutumin tana Turkiyya, kuma sai wata kotu a can ta amince da hukuncin kafin ka ga ko sisi, abin da kan ci lokaci da kuɗi masu yawa.

Shi ya sa 'yan kasuwar duniya suka fi son tahkimi, wato ɓangarorin biyu su amince da wanda zai yanke musu hukunci a wajen kotu. Yarjejeniyar New York ta 1958 ta wajabta wa ƙasashen da suka shiga cikinta, fiye da 170, su zartar da irin wannan hukunci sai dai bisa wasu 'yan dalilai ƙididdigaggu. Najeriya ta shiga a 1970, Turkiyya ma tana ciki. A gida kuma, dokar tahkimi da sasanci ta 2023 ce ta maye gurbin ta 1988. Cikin cibiyoyin da ke gudanar da tahkimi akwai kotun tahkimi ta ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya (ICC) a Paris, da wata mai suna LCIA a Landan, da cibiyar yanki da ke Legas. Idan ba ku rubuta sharaɗin tahkimi a yarjejeniyarku tun farko ba, ba za ka iya tilasta masa ba, sai ya sa hannu a sabuwar yarjejeniya.

Amsa ta biyu, daga wani ɗan kasuwa a Azare:

Barista ya faɗi gaskiya, amma ina roƙon Alhaji ya yi lissafi tukuna. Kuɗin cibiyar tahkimi da na lauyoyi galibi da kuɗin ƙasar waje ake biyansu, kuma suna iya cinye abin da ake nema idan kayan ba su da yawa. Ni da irin wannan ta same ni, takardar masu duba ingancin kaya da aka ba ni kafin lodi a tashar Apapa ce ta cece ni; lauyana ya haɗa ta da wasiƙar neman biya, muka zauna sulhu, na yafe wani kaso, aka turo sauran. Tun daga ranar ba na sakin kaya sai banki ya buɗe takardar lamunin biya.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai. Na duba, takardarmu shafi biyu ce kawai, babu maganar saɓani a ciki, amma takardar duba ingancin tana hannuna.

Lauyan ya ƙara da cewa:

To, Alhaji, ka adana ta tare da takardar lodin jirgi da duk saƙonnin WhatsApp da kuka yi, kada ka goge ko ɗaya. Ka nemi lauyan da ya san cinikin ƙasa da ƙasa kuma yake da abokin aiki a Turkiyya, ya rubuta wasiƙar neman biya da wa'adi a cikinta, sannan ya gabatar masa da tayin sasanci. Kada ka jinkirta, domin kowace ƙasa tana da wa'adin da ƙara ke faɗuwa idan ya wuce.