Tsohon jirgina: in gyara shi ko in ƙera sabo?

Mai Walda, ta wajen Ringim
Salam jama'a, shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa shiga irin wannan. A 2017 na haɗa ƙaramin jirgin sama mai cin mutum ɗaya, firam ɗin da baƙin fayif na Ƙofar Ruwa, fukafukai na rufa da kwanon alminiyam, injin Golf na ɗora masa. Ya yi gudu a filin ƙwallon makarantar garinmu har jelar ta ɗaga amma taya bata taɓa barin ƙasa ba. Yau damina shida yana ƙarƙashin darbejiya a bayan gida, kaji har ƙwai suke yi a kujerar. To bana Allah ya taimaka na sayar da riɗi na ɗan samu abin hannu, zuciya ɗaya na cewa in kwance shi in yi masa garambawul, ɗaya na cewa in fara sabo. Wlh na kasa yanke hukunci.

Baba Injiniya, Kazaure
Wa alaikumussalam ɗana. Ni a Zariya na koyi gyaran jirgi, kuma ƙananan nan masu farfela ɗaya na fi daɗewa a kansu kafin in ajiye aiki in dawo gona. Jirgin kamfani daban ne da naka. Cessna 172 tun 1956 aka fara fitar da shi kuma har yau akwai na farko-farkon suna tashi, dalili kuwa kowane noti akwai lambarsa, kowane gyara an rubuta a littafin jirgin, injin Lycoming ɗin da aka koma sa musu daga baya in ya yi awa 2,000 ko shekara 12 kamfani ya ce a sauke a yi masa garambawul. Shi ya sa gyaran tsoho yake biya a can.

Amma ko su ɗin ajiya tana kashe su fiye da aiki. An taɓa kiranmu mu duba wani da ya shekara biyar a ajiye, daga waje fenti fes kamar amarya, mai shi har ya fara lissafin ranar tashi. Da na buɗe ɗan murfin dubawa na ƙasan fiffike na haska tocila sai ga farin gari kamar toka ya bi layin rifit, ga sheƙar tsuntsu, kashinsu ya ci ƙarfen da yake ɗauke da fiffiken gaba ɗaya. Nan maganar ta mutu.

Kafin ka kashe ko sisi yi abu biyu. Ɗauki tsinken ƙarfe mai kaifi ka danna fayif ɗin da ke can ƙasa wajen jela, nan ruwa yake kwanciya, tsatsa daga ciki ma tana cin fayif ba daga waje kaɗai ba. Na biyu ka auna shi. A Amurka irin mai kujera ɗayan nan da ake tuƙawa ba lasisi, doka ta ce kada ya wuce wajen kilo 115 ba mai ba mutum. Ka zo mana da naka nauyin.

Ɗan Gujungu
Hhhh kaji sun samu hayar gida kyauta. Oga ni dai nawa uwargida ce ta yanke hukuncin, ina kasuwa ta kira 'yan gwangwan.

Makanike, Bichi
Ni na bi hanyar gyara kuma gsky da na sani ce ta biyo baya. Nawa shekara uku kawai ya yi a waje, na ce bari in canza fayif biyu na jela, ina yankewa na girgiza sai na ji kamar tsakuwa a gora, na juye jar ƙasa ta zubo. Na canza wannan sai na kusa da shi ya ɓule wajen walda, na bi shi na bi shi har sai da na canza fiye da rabin firam ɗin, ga kowace faci ƙarin nauyi ce, ƙarshe kuɗin ya wuce na sabo kuma jirgin ya karkace hagu. Sai daga baya na gane masu yi na gaske da wani fayif suke yi mai lamba 4130, siriri ga ƙarfi, namu na ƙofa da taga nauyi ne kawai. Sannan injin mota yaya, ka tuna farfela bata son juyi ya wuce wajen 2,700 a minti, injin mota kuma sai can sama yake bada ƙarfinsa, in baka sa bel ko giya ta rage juyin ba ihu kawai zai yi ta yi. Rotax 912, injin da ake yi wa ƙananan jirage, ƙarfin doki 80 ne kuma nauyinsa bai fi kilo 60 da 'yan kai ba, kuɗin ne dai sai a hankali.

Tsohon Soja, Birnin Kudu
Malam kada ka ji kunyar bin zanen wani. Ina Kaduna lokacin da ake haɗa Air Beetle na koyar da matuƙan sojan sama, guda 60, kuma asalinsa RV-6A ne na Amurka, kayan a akwati suke zuwa a haɗa a nan. Gwamnati guda ma bata zauna ta zana nata daga ka ba. In sabo zaka yi nemi zanen da wasu suka tashi da shi suka sauka lafiya, kuma ka sani ɗaga mutum sama sai da izinin NCAA, hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa, ba filin ƙwallo ba.

Ɗalibi, Haɗejiya
Baba Injiniya a gafarce ni in sa baki cikin manya. Ni ƙanana nake yi na rimot da farin soson da ake sako firij, na fasa sun kai goma. Abin da ya fi kayar min da su ba inji bane, ma'aunin nauyi ne, in ka ɗora jirgin a yatsu biyu wajen kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin fiffike daga gaba ya kamata ya tsaya daidai, in jela ta rinjaya to yana tashi zai miƙe tsaye ya dawo. Yayana, ka fara yin ƙaramin kwafin sabon da soso tukun, in ya faɗi dubu nawa ne.

Malamin Firamare, Gwaram
Ni dai roƙona ɗaya, ko me ka yanke kada ka sayar da tsohon a kilo. Ƙanina ya sayar da nasa, kuɗin ko buhun taki bai saya ba, har yau in an yi zancen sai ya tashi ya bar wajen. Ka shafa masa fenti ka kai harabar makaranta yara su dinga gani.

Mai Walda, ta wajen Ringim
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Baba na yi yadda ka ce, jiya na ari sikelin masu sayen riɗi muka ɗora taya ɗaya-ɗaya muka haɗa, kilo 338 ba ni a ciki ba mai. Sai da na zauna. Tsinken kuma ko ƙarfi ban sa ba ya shige fayif ɗin jela kamar a kabewa, wajen uku. Na cire tayoyin da sitiyari da agogon mai, su ne masu sauran amfani, injin wani mai niƙa ya taya. Malam na yi magana da hedimasta ya ce in kawo bayan hutu. Ɗalibi turo min yadda kake yanka soson nan. Baba saura farfela, tawa ta madaci ce guda ɗaya na sassaƙa kuma ta tsage ta tsakiya, wai da gaske ne sai an manna katako falle-falle kafin a fere?