Kyamara ta kama ni a Bradford, kwas zan yi ko in biya tara?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Ingila. Wasiƙar 'yan sanda ce ta zo min wai na yi gudun mil 36 a awa a titin da iyakarsa 30, sun ce ko in biya fam 100 a sa min maki 3 a lasisi, ko in yi kwas ɗin nan na masu gudu. Lasisina bai cika shekara biyu ba, kuma aikin kula da tsofaffi nake gida-gida, mota ce ƙafata. Wanne ya fi don Allah?

Baffa Leeds: Kwas ƙanwata, kar ma ki tsaya tunani. Sabon lasisi da ya tara maki 6 cikin shekara biyun farko soke shi ake, ki koma jarrabawa daga tushe. Nawa fam 90 na biya, ta intanet, bai kai awa uku ba.

Dan Gwammaja: Ku dai ku gode Allah wasiƙa ta same ku. Ni na tashi daga gida ban canza adireshi a takardar mota ba, wasiƙa ta tafi tsohon gida, kwana 28 na amsawa suka wuce ban san abin da ake ciki ba sai ga takardar kotu. Maganar gudu ma aka bari aka koma wai na ƙi faɗin wanda ke tuƙi, maki 6 rigis ga tara, inshora ta ninka, kuma da motar nake ci da iyali wallahi har yau abin na ci min rai.

Hajiya Turai: Innalillahi, Allah ya mayar da alheri. Amma Baffa 90 a ina? Ɗana sama da 100 ya biya.

Baffa Leeds: Hajiya kowane yanki da kuɗinsa.

Sadiq Glasgow: Ni a ganina ki biya tara ki huta, wa ke da lokacin zaman aji.

Hajiya Turai: Sadiq ku a Scotland ba a ma ba da kwas ɗin, ina ka san shi? Bar waɗanda suka zauna su yi magana.

Na Malumfashi: Ranar kwas dai a rufe yara a ɗaki, aka ga Ilham ta leƙo ta kyamara an kore ki 😂

Maman Ilham: To in na yi kwas ɗin sai na faɗa wa masu inshora?

Dan Gwammaja: Inshorar nan ai ita ce babbar cuta, unguwarka kawai za su duba su lafta maka kuɗi ko tsinke ba ka taɓa bugewa ba.

Sadiq Glasgow: Ga kuma titunan masu iyakar gudun mil 20 da suka cika gari, Wales tun 2023 suka mayar da na cikin unguwanni haka. Wa ya san kamfanin inshorar da ke da sauƙi bana? Tawa wata mai zuwa za ta ƙare.