Dan Allah wa ya san inda aka kwana kan gyaran bakin teku, daga sitadiyom zuwa Arts Centre?

Baduku_Nima ya rubuta:

Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema kuma ina so wanda ya san zancen da gaske ya amsa mini. Ni aikin fata nake yi, takalma da jaka da walat, a Arts Centre nake, kasuwar kayan aikin hannu da ke nan Ankara babban birnin Gana, tun ina yaron shago wajen kawuna, shekara 11 kenan. To maƙwabcinmu zai koma gida Bawku, ya ce zai sakar mini shagonsa in ba shi kuɗin gudwil, shagon kuwa yana daidai inda baƙi ke fara shigowa in sun fito daga kabarin Nkrumah, kuma tunda aka gyara wurin aka sake buɗewa a Yulin 2023 ƙafa ta ƙaru sosai wlh, wata ranar Asabar ɗin ko zama ba ka samu ka yi. Amma kuɗin da zan ba shi shi ne duk abin da na tara a susu, wato adashe, shekara uku, har da wanda na ware na aure.

Abin da ke hana ni barci shi ne zancen Marine Drive ɗin nan, wato aikin gyaran bakin teku. Tun Disambar 2017 Akufo-Addo ya zo ya ƙaddamar da shi, aka ce eka 241 ne daga Osu Castle a bi bayan Black Star Square har a nufi wajen Jamestown, otal-otal da wuraren shaƙatawa da manyan shaguna, aka ce mu kuma za a kai mu Kawukudi, wani fili can wajen Nima da Mamobi. Mun sha zaman mitin har mun gaji, ga mu nan dai har yau. In biya ko in riƙe kuɗina? Kuma in an gina wurin nan, akwai gurbin irinmu a ciki ko sai dai mu leƙa ta waya?

Dattijon_SabonZango ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi wa nema albarka. Ni na haura saba'in, jikana ne ke buga mini wannan, to ka saurara. Tashi daga tsakiyar garin nan ba yau muka fara ba. Kakanninmu a Zongo Lane suke, nan cikin gari, da wuri ya yi musu kaɗan Malam Baƙo ya ja mutane suka fita suka sari Sabon Zango. Makola ta farko ina gani aka rushe ta a 1979, inda ake aje motoci yanzu ana ce masa Rawlings Park. Babban masallacinmu na cikin gari ya koma Abossey Okai. Filin sukuwa da ke kusa da sitadiyom, nan ne na fi jin ciwo, don ina yaro ranar sukuwa can muke yini, da asuba kuma ka ga yaran barga sun ja dawaki sun gangara bakin teku suna wanke su, dokin na huci ruwa na zuba a gadon bayansa, mai tsire ya samu mai lemo ya samu mai goro ya samu. Yau otal ɗin Kempinski ne a wurin, in ba ɗaurin aure aka gayyace ka ba me zai kai ka.

Ga na kwanan nan ma, 'yan albasa na Agbogbloshie. Shekara da shekaru ana cewa za a tashe su suna cewa ai an saba faɗa, rana ɗaya a Yulin 2021 aka ce su koma Adjen Kotoku can bayan gari, kuma aka tafi. Don haka kar jinkirin ya ruɗe ka. Ƙasar da kake kai ba ta maƙwabcinka ba ce, shi katako da kwano kawai zai sayar maka.

Hajiya_MaiWake ta rubuta:

Baba Alhaji Allah ya ƙara girma, gaskiya ka faɗa amma ka yi mini haƙuri ni kam ina son a gyara wurin nan, ina so ƙwarai. Shekara 19 ina kai wake da shinkafa bakin sitadiyom. Ku da kuke zuwa kallon bal ku tafi ba ku san yadda wurin yake ranar da ba wasa ba. Ma'aikatan Ministries na tashi ƙarfe biyar shi kenan gari ya mutu, daga Black Star Square zuwa bakin ruwa duhu ne, mace ba ta bi ita kaɗai, ba bayi mai kyau ba famfo, ruwan wanke kwano ma a galan muke ɗaukowa daga gida mu biya wa galan ɗin kuɗin trotro kaman mutum. Bakin tekun kuwa leda da ƙazanta, ga iska mai daɗi Allah ya ba mu kyauta amma ba inda za ka shimfiɗa tabarma ka zauna da yara. Ranar idi kaɗai nake ganin wurin ya yi kyan da ya kamace shi, in Shehu Sharubutu ya zo ba da salla filin ya cika da fararen kaya.

Kuma zancen ciniki, in Hearts da Kotoko ne ko Black Stars tukunya uku nake ɗorawa tun ƙarfe biyun dare kuma kafin a busa tashi ta ƙare har ƙanzo. Amma wasan lig na yau da kullum wlh wani lokacin tukunya ɗaya sai na dawo da saura, kujeru dubu arba'in mutanen ciki ba su cika gefe ɗaya ba. Disamba da ake wasannin mawaƙa ita ke fitar da mu kunya, 'yan bal na ta faɗa wai ana kashe musu ciyawa, kuma da gaskiyarsu, to a gina wa mawaƙan nasu wurin mana a nan kusa kowa ya huta. Ni roƙona ɗaya ne, in za a zana a zana da rumfunanmu a ciki, da lamba da famfo, a ce ga abin da za ki riƙa biya duk wata. Na gaji da ɗaukar tukunya da zafinta ina gudu in an ce ga su nan.

Aboabo_Fabulous ya rubuta:

Gaisuwa daga Kumasi. Ɗan'uwa Baduku ka bar zancen za a rushe ko ba za a rushe ba, tambayar da za ka yi ita ce SUNAN WA ke cikin rajista. Mu nan mun gani a kasuwar Kejetia. An gina sabuwar kasuwa shago sama da dubu takwas, gini kam ba laifi, amma da aka zo rabo da sunayen da aka rubuta tun kafin a rushe aka yi aiki. Gwaggona ta sayi tebur a hannun wata mata shekara shida kafin nan, kowa a layin ya san nata ne, ba ta taɓa zuwa an canza suna ba don tana ganin ai amana ce, ranar da takarda ta fito sunan waccan matar ne a kai, ita kuwa ta rasu, 'ya'yanta suka zo suka karɓi makulli. Gwaggo har yau a bakin titi take kasa kayanta. Sannan kashi na biyu na Central Market da aka ƙaddamar a 2019 aka kwashe mutane, aikin ya zo ya tsaya, waɗanda aka ce su ɗan matsa na wucin gadi suka shekara da shekaru a waje.

Hajiya zancen ciyawa kuma kar ki ɗauke shi da wasa, mu ya ci mu. Satumbar 2024 bayan wasan Angola da aka ci mu 1-0 hukumar bal ta Afirka, CAF, ta janye amincewa da filin wasanmu na Baba Yara saboda lalacewar fili, wasan Sudan Ankara aka kai shi, ranar masu abinci da masu otal na Asokwa ba wanda ya ga ko sisi.

Injiniya_Mamobi ya rubuta:

Ni a harkar gini nake, bari in ɗan faɗi yadda irin wannan aikin ke tafiya don a gane dalilin jinkirin. Gwamnati ba ita ke zuba kuɗin ginin ba, nata shi ne ta tattara ƙasa ta share ta kai hanya da wuta da magudana, sai 'yan kasuwa su karɓi fuloti su gina da kuɗinsu ko bashin banki. To ka duba abin da ya biyo bayan 2017, korona ta zo a 2020, Disambar 2022 Gana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, Mayun 2023 aka shiga shirin IMF na dala biliyan 3, sidi ta faɗi ruwan bashi ya hau, wa zai kawo dalolinsa ya kafa otal a lokacin. Ga kuma masu ƙasa, sarautar Osu da ta Ga suna da magana a bakin tekun nan kuma dole a zauna da su. Zanen kam an yi shi, kamfanin David Adjaye ne ya yi, kuma zane ba ya ruɓewa a durowa, duk ranar da kuɗi ya samu za a karkaɗe shi.

Sitadiyom ɗin kansa yana buƙatar abin da Hajiya ke faɗa. An yi masa babban gyara saboda gasar Afirka ta 2008, amma iskar gishiri na cin ƙarfensa dare da rana, fenti da walda kuɗi ne duk shekara, filin da ake cika shi 'yan kwanaki a shekara kuwa ba zai iya riƙe kansa ba sai in akwai shaguna da wuraren cin abinci a jikinsa masu biyan haya kullum. Shi ya sa ni ina goyon bayan gyaran.

Inda ban yarda ba shi ne Kawukudi. Na farko mai yawon buɗe ido da ya fito daga kabarin Nkrumah ba zai shiga go-sulo ya nemo ku a can ba, kasuwarku ƙafar baƙi ce. Na biyu mu 'yan Nima da Mamobi fili nawa ya rage mana? Gida kan gida lungu kan lungu, yaro in zai buga bal sai can, a irin wannan jar ƙasar Kudus ɗan wasan Black Stars ya taso. A gyara wa masu kuɗi wurin wasa a bakin teku sannan a toshe na yaranmu da kwantena, wannan ba zan sa hannu ba.

Dattijon_SabonZango ya rubuta:

Injiniya tunda kai kana shiga inda ake zane, ka isar mini da saƙo ɗaya. Ƙofofi. Ranar Laraba 9 ga Mayu 2001 ina cikin filin nan, Hearts ta ci Kotoko 2-1, aka fara jifa da kujeru aka harba barkonon tsohuwa, mutane suka ruga matakala suka tarar da ƙofa a rufe. Mutum 126. Da yawansu yaran zango ne, washegari sallar gawa muka yi ta yi har ƙafafuna suka kumbura, akwai yaron da na ɗauka da hannuna takalminsa ɗaya ne a ƙafa. In za su jera shaguna da rumfuna a jikin bango su bar wa mutane hanyar fita mai faɗi, har rumfar Hajiya kar a kafa ta a bakin ƙofa.

Hajiya_MaiWake ta rubuta:

Allah ya jiƙansu Baba, ya sa sun huta. Wlh ko kyauta aka ba ni bakin ƙofa ba zan zauna ba.

Baduku_Nima ya rubuta:

Amin ya Allah. Na gode muku duka, Baba Alhaji Allah ya ƙara lafiya. Jiya da daddare na karanta wa kawu abin da kuka rubuta, da muka zo kan zancen gwaggon ɗan'uwanmu na Aboabo sai ya yi shiru, ashe shi kansa shagon da muke ciki sunan maigidansa na da ne a kai, bai taɓa canzawa ba. Don haka aiki ya zama biyu. Ranar Litinin in sha Allahu za mu je wajen shugabannin ƙungiyarmu da maƙwabcin nawa a buɗe littafi a gabanmu, in an yarda a mayar da sunana a ba ni rasit da hatimi zan ba shi rabi, sauran bayan Disamba in na ga yadda kasuwa ta yi, in ya ƙi haka to Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Kuɗin auren kuma na cire shi daga lissafin, inna ta ce ko kusa.

Injiniya dan Allah in akwai inda mutum zai je ya ga zanen nan da idonsa ka yi mini kwatance, ina so in ga ko layinmu ya faɗa cikin kashin farko ne. Zan sauka Tema Station wajen ƙarfe tara.