Littafin kalmomin eskirim ko hular raga, wanne zan fara saya wa ƴata?

Baban Ƴan Mata, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san abin ya taimaka. Ƴata ta biyu, shekararta 14, ta shiga wasan takobi na Turawa da ake kira eskirim tun farkon shekarar karatu. Wani malamin wasanni da aka turo makarantarsu daga kudu shi ya tara yara kaɗan yana koya musu ran Laraba da yamma. Kayan nasa ne na kansa, ƴan takubba da hular raga guda biyu, yara na karɓa-karɓa. Irin da take yi shi ne fulore, siririn nan mai lanƙwasa.

Damuwarta ita ce kalmomi. Tana jin Faransanci sarai, ta fi ni nesa ba kusa ba, amma ta ce wannan ba na aji ba ne. In malam ya ce kart, sikst, farad, rifos, remiz, kafin ta tuna wanne ne wanne an riga an taɓa ta. Ƙanena a Duwala ya ga wani littafi na gwanjo mai bayanin kalmomin wasan da zane-zane, sefa 12,000. Ni kuma sefa 20,000 na tara mata, da niyyar in cika in saya mata hularta, don raina ba ya son tana cusa fuska inda kowa ya yi gumi. In na sayi littafi, hula sai baɗi. Ga shi malam zai tafi gida dogon hutu, wata uku babu horo. Ba ta da waya, kuma ba yanzu zan ba ta ba. Littafin zai amfane ta a wannan hutun, ko zubar da kuɗi ne?

Ɗan Kasuwar Marwa

Wa alaikumus salam. Malam, wa ke sayen littafi a zamanin nan? Ta buɗe YouTube a wayarta, komai yana nan kyauta.

Baban Ƴan Mata, Garwa

Alhaji, ai na ce ba ta da waya.

Mai Moto na Yelwa

Takobi a Garwa har sai an karanta littafi? Ka kai ta ƙofar fadar Lamiɗo ranar hawan salla, dogarai su koya mata, ko dala ba za su karɓa ba 😂

Malamar Firamare, Ngaundere

Baban yara, ni ina bayan littafin, kuma ga dalilina. Ɗan yayata ya yi fulore lokacin da suke zaune a Yawunde, na sha raka shi. Abin da ya fi sa yaron kuka shi ne ya ga fitilarsa, wadda ke nuna ya taɓa abokin karawa, ta kama, ta abokin karawarsa ma ta kama, sai alƙali ya ba wancan maki. Gani yake zalunci ne. Ashe a fulore akwai dokar wanda ke da haƙƙin hari: wanda ya fara miƙa hannu ya kai hari shi ke da maki, sai fa in ɗayan ya kare da takobinsa, to haƙƙin ya dawo gare shi, ya rama nan take. Karewar ita ce farad, ramuwar ita ce rifos. Bayan kowane taɓi alƙali yana tsayar da wasa ya zayyana abin da ya faru da waɗannan kalmomin, yana nunawa da hannu. Yaron da bai san su ba ko an ci shi bai san ta ina aka ci shi ba, balle ya gyara. Kuma ko a Masar ko a Caina aka yi gasar duniya, da Faransanci alƙali ke ba da umarni, tun da a Paris aka kafa hukumar wasan ta duniya a 1913. Abin da ta haddace yanzu zai bi ta duk inda ta je.

Kawu Mai Shayi

Ni tambayata daban. Ƴa mace da takobi? Ba a samu wani wasan ba ne?

Malamar Firamare, Ngaundere

Kawu, da wuya ka samu wasan da ke rufe jikin mace kamar wannan: riga mai dogon hannu, wando, doguwar safa, safar hannu, fuska ma a rufe. Ibtihaj Muhammad ta Amurka da hijabinta ta ci tagulla tare da ƙungiyarsu a Olamfik na Rio a 2016. A gasar nan dai Ines Boubakri ta Tunisiya ta ci tagulla a fulore, irin wanda yarinyar nan ke yi.

Tsohon Ɗan Efe, Marwa

Ku bari wanda wuta ta ƙona ya yi magana. Malam, ka riƙe kuɗinka, kada ka sayi littafi, kada ka sayi hula, ka lallashi yarinyar ta koma wani wasan tun zuciyarta ba ta shiga da yawa ba.

Ni na koyi efe, wani nau'in eskirim daban da fulore, lokacin da nake neman kuɗi a Yawunde. Da mahaifinmu ya rasu na dawo gida, amma son wasan bai bar ni ba. Ina da fotokofi na irin littafin da kake faɗa, babu kalmar da ban haddace ba. Karewa takwas ɗin nan, daga firim har oktab, ko cikin barci ka tashe ni zan jera maka su. Kullum bayan asuba ina tsakar gida ina sukar buhun da na rataye a bango, maƙwabta na leƙe suna cewa na taɓu. Da na ji za a yi gasa a kudu sai na sayar da babur ɗina na ba wani mutum sefa 85,000, wai yana shigo da kayan wasanni daga Turai. Ya kawo mini hula, takobi da wayar jiki, sababbi fil a leda, har da tambari.

Na hau mota zuwa Ngaundere, na kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ina ta maimaita kalmomi a hanya. Da na isa teburin duba kaya, mai dubawa ya ɗauko wani ƙarfe mai tsini da ake danna ragar hula da shi, nauyin kilo 12. Yana dannawa raga ta buɗe. Ya ɗaga ido ya kalle ni ya ce, da wannan kake son a soke ka a fuska? Aka koma kan takobi, aka ɗora masa nauyin giram 750 da doka ta ce bakin efe ya ɗaga, ya kasa. Kayan duk na bogi ne. Wani yaro ya ara mini hularsa, ta yi mini yawa, tana juyawa a kaina, ban ci ko karawa ɗaya a rukuni ba. Na kira mutumin daga tashar jirgi, waya a kashe. Har yau a kashe take. Babur ya tafi, wasa ya tafi, na dawo ina tafiya a ƙafa cikin ranar Marwa mutane na tambayata ina kofi. To kalmomin da na haddace me suka tsinana mini a gaban teburin nan?

Adda Mai Lalle

Innalillahi. Allah ya saka maka Hamma, wannan cuta har ina.

Ɗan Kasuwar Marwa

Sefa 85,000? An yi maka fashi da rana tsaka. Hular nan ina iya sa a kawo ta daga Caina ta Duwala a kan 15,000, har da ribata a ciki.

Tsohon Ɗan Efe, Marwa

Irin taku ce aka sayar mini, Alhaji.

Hajiyar Liyon

Don Allah kada wanda ya sa wa yarinya hular 15,000. Jikana yana kulob a nan Faransa, ni na saya masa tasa. Ta masu koyo, mai lamba 350N a jikin ƙyallen wuya, sabuwa na biya yuro 65, yuro ɗaya kuwa sefa 656 ne, kun ga ya haura 42,000 kafin kuɗin aikowa. Mai lamba 1600N ta manyan gasa ta ninka haka. Wannan lambar ita ke nuna ƙarfin sukar da ƙyallen zai iya jurewa, ba don ado aka sa ta ba. A 1982 a birnin Rum, a gasar duniya, takobi ya karye ya huda hular Vladimir Smirnov, zakaran Olamfik na Tarayyar Sobiyet, ya rasu bayan ƴan kwanaki. Bayan rasuwarsa ne aka tsaurara dokar kaya. Shi ma fulore yake yi.

Ɗan Injamena

A nan wani ya nemi 90,000 a hannuna kan hula kaɗai, ya ce kuɗin jirgi da na fito ne suka cinye. Littafi kuwa 12,000 ya yi tsada, na ga irinsa a wurin masu baza tsofaffin littattafai a kan 3,000.

Baban Ƴan Mata, Garwa

Yanzu hula 15,000 ce, ko 42,000, ko 90,000? Kaina ya fi ɗaurewa fiye da lokacin da na yi tambaya.

Tsohon Ɗan Efe, Marwa

Shi ya sa na ce ka bari. Duk masu ba ka shawarar nan, a cikinsu wa ya taɓa tsayawa a kan layin wasa aka soke shi? Malama rakiya ta yi, Hajiya biya ta yi. Gani ya kori ji.

Malamar Firamare, Ngaundere

Hamma, ina tausaya maka wallahi, amma efe ka yi. A efe duk jiki wurin suka ne, babu dokar haƙƙin hari, in fitila biyu sun kama kowa ya samu maki. Kai ba ka buƙatar fahimtar bayanin alƙali yadda ɗan fulore ke buƙata. Kuma ɗan damfara ne ya cuce ka, littafi bai ci maka sisi ba.

Hajiyar Liyon

Ƙanena, wanda ya biya da aljihunsa ma ya san wani abu. Ni dai ba a mayar da hular jikana a teburin dubawa ba.

Mai Moto na Yelwa

Ku bar faɗa, ni zan ɗinka mata hula da rariyar tuwo, 500 kacal 😂

Malamin Wasanni, Kusiri

Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Na ɗan taɓa eskirim a lokacin horonmu na malanta, ba gwani ba ne, amma na san yadda yara ke koyo. Yaya, littafin kalmomi yana amfani ne in jiki ya riga ya yi abin, sai ya ba shi suna. Yarinyar da ta sha kare suka ta ɓangaren ciki, in ta karanta cewa wannan shi ne kart, ta waje kuma sikst, sai abin ya zauna mata daram. Amma in ta ɗauki motsin da ba a taɓa nuna mata ba daga zane ta yi ta maimaitawa wata uku ita kaɗai, hannunta zai saba da kuskure, kuma cire shi ya fi koyarwa wuya. Wannan ne haɗarin barin yaro da littafi babu malami.

Kuma a matakinta ba ta buƙatar ɗaruruwan kalmomi. Umarnin alƙali huɗu ne, na shiri, na tambayar ko an shirya, na farawa, na tsayawa. Sai tafiya gaba, ja da baya, zurma ƙafa da ake kira fant, karewa biyu ko uku, ramuwa, ramuwar ramuwa, katin gargaɗi rawaya da ja da baƙi, da sanin cewa farar fitila tana nufin an taɓa inda rigar ƙarfe ta ɗan fulore ba ta rufe ba, babu maki. Kafin malaminta ya tafi, ka saya mata kaye, wato littafin rubutu, na 300, ka roƙe shi ya zauna da ita ta rubuta kalmomin da shi kansa ya koya mata, ta zana kowanne da hannunta. A hutun ta ja layi mita 14 a tsakar gida ko a fili, shi ne tsawon filin wasan, ta riƙa aikin ƙafa da sassafe kafin rana ta yi zafi. Wannan ba ya son takobi ko hula. Abu ɗaya da zan roƙe ka, kada ta yi karawa da kowa da sanda ko kara babu hula, ido ba ya da madadi.

Baban Ƴan Mata, Garwa

Na gode ƙanena, wannan ta shige ni. Sai dai in an dawo hutu ta wuce abin da ke cikin kayen fa? Ƙanena ya ce mai littafin ba zai ajiye masa ya wuce Juma'a ba.

Adda Mai Lalle

Kai ma dai Baban yara, wa ya ce maka malamin zai dawo? Malamin lissafin ɗana haka ya tafi hutu bara, sai labari muka ji ya samu canji zuwa kudu. Wata biyu ajin ba malami, mu iyaye muka tara kuɗi muka ɗauki wani.

Ɗan Kasuwar Marwa

Gaskiya ce Adda. Duk wanda aka turo arewa, ranar da ya sauka ranar ya fara neman hanyar komawa.

Malamin Wasanni, Kusiri

Alhaji, a yi mana adalci. Mutum ya bar iyalinsa a nisan kwana biyu a hanya, ya zo ya tarar da aji cike maƙil, kayan wasa ƙwallo ɗaya ce wadda ta sace. Wannan malamin da kuɗinsa ya sayi takubba ya kawo wa ƴaƴanmu. In ya tafi da kayansa, wa za mu zarga?

Tsohon Ɗan Efe, Marwa

To ai maganata ke nan tun ɗazu. An gyara filin Rumde Ajiya, an buga Kofin Afirka a Garwa a 2022, duk mun yi murna. Amma ku nuna mini ɗaki ɗaya tsakanin Ngaundere da Kusiri da yaro zai shiga ya tarar da hular raga a rataye tana jiransa. Masar ta ci azurfa a fulore a Landan a 2012, ta ƙara da tagulla a efe a Paris a 2024, don suna da kulob da malamai da ba sa tafiya. Mu in ba ƙwallon ƙafa ba, kowa tasa ta fisshe shi.

Malamar Firamare, Ngaundere

Ba wasanni kaɗai ba ma. A makarantarmu malamai uku suka tafi a shekara guda, har yau gurbin ɗaya ne aka cike, ni ke riƙe da aji biyu.

Adda Mai Lalle

Aji biyu? Malama, ku ma iyaye ne ke biyan na wucin gadin, ko mu kaɗai ake tatsa? Mu an ce kowane yaro 2,500, mai ƴaƴa huɗu ya yi yaya?