Musayar Waƙa: Murabba'i Ɗaya, Alwatika Bakwai, Babu Tagwaye

Kafinta, Jidda:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'a,
Ga allon katako murabba'i na ajiye a gaba.
Santimita 70 tsawo, 70 faɗi, daidai wa daida,
A tsaga shi alwatika zalla, kada a bar saura.
Kowace da kusurwar digiri 90, ƙafafunta (gefe biyun da suka haɗu a nan) tsawo ɗaya,
Amma kada biyu su zo girma guda. Wa zai iya?

Mai tayil, Madina:
Wa alaikumus salam, Malam, ga hanyar da aka saba:
Ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, ka raba.
Ajiye rabi, ɗayan rabin ka sake tsagawa,
Daga kusurwar 90 zuwa tsakiyar dogon gefe ka sauka.
Ƙafa 70, sai 49.5, sai 35, suna ta raguwa,
Raba kowace da 1.414 ka sami ta gaba.

Malamin lissafi, Makka:
Alhaji, yankan ya yi kyau, amma da sauran rina a kaba,
Duk inda ka tsaya, biyun ƙarshe tagwaye ne, duba.
Ragowar hannunka daidai take da wadda ka cire baya,
Ko ka kwana kana rabawa, haka za ka iske ta.
Ga mafita: zana gida 7 a tsaye, 7 a kwance bisa,
Kowane gida santimita 10, da rula ka auna.
Tsaga daga hagu sama zuwa dama ƙasa, rabi ya fita,
A gefen ƙasa, daga hagu, ƙirga gida 3 ka yi alama.
Hau gida 4 a miƙe, ka tarar da layin karkata,
Alwatika mai ƙafa 40 ke nan ta fito ta dama.
Daga wannan mahaɗa gangara hagu, a karkace kuma,
Ka sauka gefen hagu, gida 1 daga ƙasa.
Koma alamar 3, hau hagu a karkace har ka taɓa layin da ka gama ja,
Mahaɗar tana gida 1 daga hagu, gida 2 sama.
Daga nan sauko a miƙe, ka taɓa gefen ƙasa,
Sai ka haɗa 1 na ƙasa da 1 na hagu, yanka na shida.

Mai tayil, Madina:
Malam, na zana a kwali, bakwai suka fita,
Amma biyu sun so yin kama, ido bai raba su ba.

Malamin lissafi, Makka:
Ƙafar ɗaya 42.4 ce, ta ɗaya 40, ɗora su ka ga rata.
Ƙirga filinsu da gida: 24.5, 9, 8, 4, ka tara,
Ƙara 2, da 1, da rabi, 49 cif, ba ragowa.
Da dai mai gefe uku daidai ce ake son rabawa
Zuwa irinta mabambanta, masanin lissafi Tutte a 1948 ya nuna ba hanya.

Dattijon kafinta, Jidda:
Yarana, takarda ba ta da kauri, zarto kuwa yana da,
Haƙorin inji na cin kusan milimita 3 kowane yanka.
Ka harhaɗa su bayan yanka shida, 70 ba za ta cika ba,
Don haka fitar da kowace daban, da kwali a matsayin ma'auna.
Tsinin digiri 45 shi ke fara ɓarewa, manna tef kan layin tukuna,
Tura katakon a hankali in ka kusa fita.
Ƙaramar nan mai ƙafa 10, kada ka kai ta bakin inji da yatsa,
Ɗaure ta a kan benci, zarton hannu ya gama ta.