Tambaya: me ya sa ake yi ma giwaye furaji (rijiyar burtsatse) a gandun daji?

Ɗan Zariya 2:
Salamu alaikum 'yan uwa. Na ga wani bidiyo na gandun Hwange a Zimbabuwe, giwaye sun yi cincirindo bakin wani tabki, ashe wai ruwan ma pampo ne mai aiki da hasken rana ke turo shi. Abin ya ɗaure min kai. Mu nan Maradi akwai unguwannin da sai an bi 'yan garuwa, can kuma namun daji ake haƙa ma furaji? Ba giwa ta san inda ruwa yake da kanta ba?

Malam Bagobiri:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ta sani mana, giwa har rairayin busasshen gulbi take tonawa da ƙafa da hanci ta hiddo ruwa, sauran dabbobi su zo su sha bayanta. Matsalar Hwange ita ce yawancin dajin yashi ne, babu gulbin da ke riƙe ruwa duk shekara, da can in rani ya yi giwayen sai su tahi wani wuri. Da anka mai da wurin gandu a 1928, mai kula da shi na hwarko, Ted Davison, shi ya soma haƙa rijiyoyi don dabbobin su zamna. Sunka zamna kuwa, sunka hayayyahwa, yanzu ana maganar wajen 45,000, kuma babbar giwa guda tana iya shan lita 150 zuwa 200 a rana, to kai lissafa. Wasu daga hanyoyin da suka bi da sun zama gonaki da garuruwa, ka ga wanda ya kunna pampon nan ba ya da ikon kashe shi kuma. A ƙarshen 2023 da damina ta yi jinkiri giwaye sama da 100 sunka mutu a wurin, alhali akwai furaji sama da 100 na aiki.

Uwar Hassana:
Malam wallahi maganarka ta tuna min da arewacin Dakoro. Duk inda aka kafa tashar pampo ta dabbobi, je ka gani a watan Afirilu, daga bakin kwalamin shan ruwa har inda ido ya tsaya babu tsinken ciyawa ko ɗaya, sai kashin shanu da ƙura, saboda garke ba ya nisa da ruwa. To ina ga giwa da ke karya itace sukutum tana ɓare bawon kuka? Ruwan na nan amma abinci ya yi nisa, tsofaffi da 'ya'ya su ne ba su iya kai da komowa. Ni abin da ke ban tausayi kenan.

Ɗan Zariya 2:
To Hajiya in haka ne a rufe furajin mana kowa ya huta.

Injiniya Madarunfa:
A'a ƙanena, ba a rufewa dare ɗaya, in ka rufe yau gobe a gonar talaka za su kwana, kuma kai ka san abin da garken giwa zai yi ma rumbu. A gandun Kruger na Afirka ta Kudu sun rufe da yawa daga rijiyoyinsu tun daga shekarun 1990, amma sannu sannu, kuma su suna da koguna. Sannan batun kuɗin haƙa furajin, masu yawon buɗe ido bakin tabkunan nan suke zama su kalli dabbobi, kuɗinsu na cikin abin da ake gyaran pampo da shi ana biyan ma'aikata. Ni dai ra'ayina a bar ma giwa hanyar wucewa tsakanin daji da daji ya fi a ƙara mata ruwa. Tsofaffinmu nan suna ba da labarin giwayen da ke shigowa dajin Babban Rafi daga Najeriya, yau ka tambayi yaro ɗan shekara 20 ko ya taɓa ganin sawunta.

Malam Bagobiri:
Gaskiya ne Injiniya. Ko gandun Gadabeji na ƙasar Dakoro da anka maido raƙuman dawa daga Kure a 2018, ya kamata a yi ta zama da makiyaya kan maganar rijiyoyi tun yanzu, su ne ke kwana a dajin. Akwai ɗan Dakoro a nan ya hwaɗa muna yadda ake raba ruwan wurin da rani?