Shawarwarin masu karatu kan littafin Gone with the Wind

A wata tattaunawa da masu sha'awar adabi suka yi kan ko ya dace a karanta Gone with the Wind, littafin Margaret Mitchell na 1936 wanda ya ci kyautar Pulitzer a 1937, mafi yawansu sun ce a karanta shi, amma da lura. Hujjarsu ita ce, labarin Scarlett O'Hara a jihar Jojiya lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 yana bayyana yadda fararen fatar kudancin ƙasar suka so a riƙa tunawa da zamanin bauta.

Abin da aka fi nanatawa shi ne mai karatu ya kula da inda marubuciyar ta karkata. An zana bayi irin su Mammy a matsayin waɗanda ba su da wani buri sai hidimar iyayengijinsu, sannan an nuna 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan kamar masu kare mutuncin mata, alhali kuwa mutane ne da suka riƙa kashe baƙaƙen fata. Don haka aka ba da shawarar a haɗa littafin da tarihin rayuwar Frederick Douglass na 1845, wanda ya ɗanɗana azabar bauta da kansa.

Wasu kaɗan sun ce wanda ransa ya ƙi littafin ya ajiye shi, kuma a ganina suna da gaskiya. Game da ɗalibai kuwa, an fi son su karanta shi tare da malamin tarihi.